Bakin da Ya Naɗa Alƙali

Takarda ta farko

Da sunan Allah Mai rahama.

Daga Sammani a Tudun Marke, zuwa ga iyalina Zuwairatu ɗiyar Malam Armaya'u, a Tsaskiya. Gaisuwa mai yawa, da bege, da fatan alheri. Ina gajiyar jinya? Yaya jikin Malam? Gambo mai kanwa ya ce ya iske an jingina shi da bango a zaure, har ya ɗaga hannun hagu ya amsa sallama. Na yi hamdala. Ki durƙusa mani a gabansa, ki ce ɗalibinsa yana gaisuwa. Ki gai da Inna da duk wanda ya tambaye ni.

Bayan haka, nan lafiya muke. An yi ruwan shuka ranar Talata, na shuka gonar bayan ganuwa, ta gangare kuma sai an ƙara. Jar akuyarki ta haifi biyu, duka mata. Tuwo daga gidan Yaya ake kawo mani, ba laifi, amma miyar ba ta san daddawarki ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin san tun da alƙalinmu ya rasu buzunsa yake a naɗe, ƙararraki sun taru ba mai saurare. To jakada ya zo daga Katsina, ya kwana uku yana jin ta bakin mutane don a san wanda za a naɗa. Mutum biyu ake ambata. Akwai Malam Labaran, wanda ya daɗe yana muhuti a gefen marigayi, yana buɗe masa littafi in hukunci ya yi wuya. Sai kuma Badaru. Badarunmu dai, wanda muka shekara tara muna karatu kan tabarma ɗaya a zauren mahaifinki, wanda ya yi mani abokin ango.

Ranar Juma'a da aka sallame, jakada ya miƙe a harabar masallaci ya ce ko akwai mai magana.  Ɗiyar Malam, ban san sa'ad da na tashi ba. Na ce shekara goma sha ɗaya ke nan ina wakilci, ina tsaya wa mutane a gaban shari'a, matan kulle da tsofaffi da Fulanin da Hausa ba ta zauna a bakinsu ba. Na ce na ga alƙalai, na ga masu son zama alƙalai, kuma ban san wanda ya kai Badaru sanin hukunci da tsoron Allah a ƙasar nan ba. Na ce in aka ba shi buzun, maraya zai yi barci da ido biyu rufe. Ban kama sunan Labaran ba, amma yana sahu na biyu, kuma kowa sai da ya waiwaya ya dube shi. Dattawa suka yi ta gyaɗa kai. Jakada ya tambayi sunana sau biyu.

Na san abin da Malam zai ce in kin karanta masa wannan. Shi duk tsawon wakilcinsa bai taɓa yabon mai neman rawani a bainar jama'a ba, na alƙalanci ne ko na sarautar gari. In an matsa masa, sai ya ja mai tambaya gefe su yi magana su biyu. Amma ni a ganina ɓoye shaida zunubi ne. Abin da na faɗa gaskiya ne, ban karɓi ko ɓarin goro a kansa ba, Badaru ma bai san zan tashi ba. Ki faɗa wa Malam haka a hankali.

Jakada ya koma ranar Asabar. Sai mu jira abin da Allah zai yi.

Na ba Gambo zuma a ɗan tulu, ta Malam ce. Allah ya ƙara sauƙi, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Sammani

Takarda ta biyu

Da sunan Allah.

Zuwa ga Zuwairatu ɗiyar Malam, sallama da gaisuwa irin ta mai kewa. Yaya ruwa a wajenku? Nan marka ta sauka sosai, katangar bayan ɗakinki ta zube, na sa an tare da ƙaya kafin rani. Yaya Malam, yaya Inna, yaya ƙafarki da kika ce tana kumbura? Kada ki riƙa ɗaga shi ke kaɗai.

Takardarki ta iso. Na karanta abin da kika ce Malam ya faɗa da ƙyar, kalma bayan kalma: wai gaskiya na faɗa amma a inda bai kamata ba, kuma ba ni zan biya ba, waɗanda nake tsaya wa su za su biya. Ya yi mani zafi, ba zan ɓoye miki ba. Na ajiye takardar kwana biyu ban sake buɗe ta ba.

An naɗa Badaru. Ranar da ya dawo daga Katsina da rawaninsa na shiga cikin masu gaisuwa, na durƙusa na ce Allah ya gafarta Malam. Ya amsa yana kallon ƙasa, ni da shi muna danne dariya. Labaran kuwa ya ajiye muhutanci, ya ce ba zai buɗe wa yaro littafi ba. Yanzu wakilci yake yi kamar ni.

Tun ranar zaurena bai rabu da mutane ba. Har daga Ruma ake zuwa. Wani daga can ya zo da rikicin iyakar gona, na ce ina shaidunka, ya ce ai ba shaida ya zo nema ba, ni ya zo nema. Na kore shi. Amma tunda ke ce, zan faɗa miki: da ya fita sai na ji wani daɗi a raina wanda bai kamata in ji ba.

Yanzu ga maganar da ta fi duka nauyi. Wani falke mai suna Barau, damina ta tsare shi a zangonmu da jakunansa da bayinsa. A cikin bayin akwai mace, sunanta Turai, ba za ta girme ki ba. Ranar kasuwa ta je ɗibar ruwa, ta ji wasu mata 'yan Runka suna hira a bakin rijiya suna ambaton unguwannin garinsu. Ta dire tulu a nan, ta miƙe sai gidan alƙali, ta zauna a ƙofar zaure ta ce ita ɗiya ce, ba baiwa ba. Ta ce a Runka aka haife ta, ubanta masaƙi ne, Musulmi ɗan Musulmi. Mahara daga arewa suka ɗauke ta a wajen itace tana shekara tara, shekarar da aka ƙone rumbunan Runka. Ta wuce hannu huɗu kafin Barau, kuma ba ta taɓa sanin ta dawo kusa da gida haka ba sai ranar. Barau ya ce shi da dukiyarsa ya saye ta, bai sace ta ba, kuma ban ce ƙarya yake yi ba.

Alƙali ya ajiye ta amana a wurin tsohuwar Liman har a gama shari'a. Da aka tambaye ta wa zai tsaya mata, sai ta kama sunana. Na ce mata wa ya ba ki sunan nan, ke baƙuwa? Ta ce matan rijiya. Sun ce ta nemi Sammani, shi ya naɗa alƙali. Na ce mata Sarki ke naɗa alƙali, ba ni ba. Ta yi murmushi kamar wadda aka gaya wa abin da ake gaya wa yara.

Tunda ta daɗe a hannu ana kiranta baiwa, ita shari'a ta ɗora wa kawo shaidu, maza biyu. Na hau doki na je Runka. Iyayenta sun rasu, amma na samu tsohon maƙeri, Jinjiri, maƙwabcin ubanta. Na kawo shi. Ya dubi tsagen fuskarta, ya tambaye ta ina ubanta yake kafa masaƙa, ta ce gindin tsamiya mai kogo, kusa da maƙerarka, kana korarmu in mun taɓa zugazugi. Tsohon ya rufe fuska da hannun riga. Shaida ɗaya ke nan, mai ƙarfi.

Na biyu baffanta ne, Daudu, wanda ya bar Runka bayan harin ya yi gona a bakin daji, gaba da Ruma. Yini ɗaya da rabi ne a kan doki. Alƙali ya ba mu wa'adi har farkon kaka, na kuwa ba Gambo saƙo, tunda hanyarsa ce. Barau ya ɗauki Labaran ya tsaya masa.

Ki sa mu a addu'a, ki sa Turai. Ina jin wannan karon Malam zai ga amfanin alƙali na gari.

Na gaishe ki, na ƙara gaishe ki.

Sammani

Takarda ta uku

Da sunan Allah, wanda gare shi muke, gare shi za mu koma.

Ɗiyar Malam, ina gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, ina fata jikin Malam da sauƙi. Ki yafe mani gajartar gaisuwar. Wannan takardar ki karanta ke kaɗai tukuna, sannan ki ga ko zai iya ɗaukarta.

An ba Barau Turai. Sun bar gari.

Zan faɗa miki yadda aka yi tun daga farko, ba zan rage nawa laifin ba. Kin rubuto mani tun gero bai fitar da kai ba, kin ce Malam ya ce in janye daga shari'ar nan, in ba wani wakili daga Runka, ko in roƙi Badaru ya tura ta Katsina. Ban amsa miki ba. Na ce a raina ni na nemo Jinjiri, ni na san kan maganar, don me zan ba wani ya girbe abin da na shuka? Kuma janyewa kamar amsa laifin da ban yi ba ne. Haka na gaya wa kaina.

Saura kwana biyar wa'adi ya cika Gambo ya dawo shi kaɗai. Ya ce Daudu ya yi kuka da ya ji ɗiyar ƙanensa tana raye. Amma yana tsakiyar girbi, birai sun dame shi, ba shi da mai taya shi. Kuma Daudu ya ce ai labari ya kai har can cewa wakilinta shi ke da alƙali, to me za a yi da tsoho cikin gaggawa? Zai zo da ya ɗaure dammunansa, ya ɗauki ɗiyarsa su tafi gida.

Kwana biyar, ɗiyar Malam. Dokina yana ɗaure a turke, ya ƙoshi. Da na hau ranar, da na je na dawo da shi har da kwana biyu a hannu. Ban hau ba. Ina da wasu ƙararraki uku a makon, kuma na ce a raina ƙarin wa'adi ba abin wuya ba ne, marigayi yakan ƙara har sau uku, balle Badaru. Kin ji? Balle Badaru. Abin da na kori mutumin Ruma a kansa, shi na jingina da shi ban sani ba.

Ranar zama zauren ya cika har waje, don maganar ta zaga gari. Na gabatar da Jinjiri, aka karɓi shaidarsa. Na ce shaida na biyu yana nan da ransa, an san inda yake, ina roƙon wata guda. Sai Labaran ya gyara zama. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Allah ya gafarta Malam, mutumina baƙo ne. Hanya ta buɗe, abokan tafiyarsa sun ɗaure kaya, an ba su wa'adi ya cika. Amma mun san ba a hana Malam Sammani abin da ya roƙa a zauren nan, duk muna masallaci ran Juma'ar nan. Mu dai a faɗa mana sau nawa za a ƙara, mu san zaman da za mu yi.”

Wani ya yi dariya daga waje. Na dubi Badaru. Na san fuskar nan tun ba ta da gemu. Bai dube ni ba. Ya daɗe yana shafa bangon littafin da ke gabansa, sannan ya ce ya ƙara kwana biyu, zuwa la'asar ɗin jibi. Na ce, Allah ya gafarta Malam, zuwa da dawowa kwana uku ne. Ya ce ya faɗi abin da zai faɗa.

Daga zauren ban shiga gida ba, sirdi na ɗaura. Ban ko tsaya na yi wa Turai bayani ba, na ce kowane numfashi tafiya ne. Na isa wurin Daudu washegari da yamma, na iske shi a kan rumbu. Da ya ji yadda ake ciki ya sauko, ko takalmi bai nema ba. Na ɗora shi a bayana. Amma dokin ya riga ya gaji, ga mutum biyu, ga rafin da ke gabas da Ruma ya kawo ruwa, sai da muka jira ya faɗa. Mun shigo gari rana ta uku bayan azahar. Zango fayau, sai kashin jakuna da tokar murhu.

Tsohuwar Liman ce ta ba ni sauran labarin. Da la'asar ta yi aka kira shari'a. Turai ta tsaya ita kaɗai, ba wakili, don wakilinta yana daji. Alƙali ya tambaya ko shaida ya iso, aka ce babu. Ya yanke cewa ba ta cika hujja ba, ta koma hannun mai ita. Tsohuwar ta ce Turai ba ta yi kururuwa ba. Ta dai yi ta waige tana cewa ina Malam Sammani, har sau uku. Da Barau ya kama gefen zanenta, sai ta juya ta ce wa tsohuwar, “Inna, ai an ce mani alƙalin nasa ne.” Da asuba suka ɗaga.

Daudu yana zaurena. Tun da muka iso bai ci komai ba, bai kuma zarge ni ba, kansa yake zargi. Na gaya masa ba shi ba ne, bai ji ba.

Ina so in ce Labaran azzalumi ne, na kasa. Mutuminsa ya tsaya wa, kuma sandar da ya buge ni da ita ni na sassaƙa na miƙa masa a gaban masallaci.

Ki yi mani addu'a in kina iyawa.

Sammani

Takarda ta huɗu

Da sunan Allah.

Zuwa ga ɗiyar Malam, gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da Malam da Inna. Wannan a gurguje nake rubuta ta, Gambo yana tsaye da jakinsa.

Kin san a maganar 'yanci shari'a ba ta rufe ƙofa, ko an yi hukunci in shaida ya zo ana saurarensa. Washegarin dawowarmu na kai Daudu gaban alƙali. Ya faɗi sunan uban Turai da na kakanta, ya faɗi tabon ƙuna da ke bayan hannunta na dama tun tana rarrafe, tsohuwar Liman da Jinjiri suka ce sun gan shi. Badaru ya rubuta da hannunsa cewa Turai ɗiya ce, haramun ne a saye ta ko a sayar, duk wanda takardar ta iske ya sake ta. Ya buga hatimi. Duka bai ɗauki tsawon dahuwar tuwo ba.

Da hantsi yau Badaru ya zo zaurena shi kaɗai, ba muƙarrabai. Ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarmar da yakan zauna da.  Sannan ya ce, “Sammani, da wani ne ya roƙa, wata guda zan ba shi ban ko ɗaga kai ba.” Na ce to me ya hana? Ya ce ranar ya dubi zauren, ya ga in ya ba ni, ba wanda zai ƙara yarda da hukuncinsa a garin nan ko da na gaskiya ne. Ya ce ya auna mutuncin buzun da kwanakin mace ɗaya, ya yi mugun awo, kuma shi zai amsa a gaban Allah, ba ni ba. Sai ya ce, “Da ma ka yi shiru ran nan.” Na ce da na yi shiru, da ba kai ke kan buzun ba. Ya ce, “Da ya fi mana.”

Ban raka shi ƙofa ba. Ba don fushi ba. Shekara ashirin muna tare, yau ya fita daga gidana kamar wanda ya zo ta'aziyya.

Ya ba da dokinsa don Daudu, tunda tsohon ya rantse ba za a bar shi ba. An ce Barau ya bi hanyar Katsina, daga can Kano. Jakuna ba su da sauri, kwana huɗun da muka yi muna jiran dokina ya farfaɗo kawai suka ba mu. In Allah ya yarda za mu cim masu. Na bar gida a hannun Yaya.

Kada ki damu in kin ji shiru. Ki riƙe mani Malam da kyau.

Mijinki,
Sammani

Takarda ta biyar

Da sunan Allah Mai haƙuri da bayinsa.

Daga zangon Kusada, zuwa ga Zuwairatu ɗiyar Malam. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai ji muryar gida ba. Yaya jikin Malam? Yaya Inna? Ina fata kun shigar da amfanin gona lafiya. Wani mai fata da zai bi ta Safana ya yarda ya kawo miki wannan.

Ba mu same ta ba.

Zazzaɓi ya kama Daudu a hanya, muka kwana uku a wani ƙauye. A Katsina muka ɓata wasu kwanakin muna bin zango-zango, ashe Barau bai shiga birni ba, ya kewaye. Jiya muka iske shi a nan yana jiƙa wa jakunansa dusa. Na nuna masa takardar. Ya sa aka karanta masa, ya yi salati, ya ce shi wallahi hukunci aka ba shi, kuma ya san in ya riƙe ta wata shari'ar za ta biyo shi. Kwana tara ke nan da ya sayar da ita a bayan ganuwar Katsina, ga wasu Buzaye da suka zo awon hatsi. Sun ɗora wa raƙumansu, sun yi arewa, Azbin. Bai san sunan wanda ya saya ba, ya ce dogo ne mai baƙin rawani. Ɗiyar Malam, dukansu dogaye ne masu baƙin rawani.

Na tambayi madugai ko ana iya bin su. Suka ce ba mai tsallake ƙasar abokan gaba shi kaɗai, kuma ayarin da zai yi can sai bayan watanni. Na zauna na kwafi takardar sau shida. Zan koma ta Katsina in ba duk madugun da zai yi arewa, in faɗa masa sunanta da tabon hannunta. Ban ce zai yi amfani ba. Abin da ya rage mani ke nan.

Ba zan ƙara tsayawa a gaban Badaru ba muddin yana kan buzun. In na ci, za a ce alƙalin nawa ne. In na faɗi, ban san ko hujjata ce ta gaza ko tsoron bakin mutane ne ya kayar da ni ba, kuma wanda na tsaya wa ba zai taɓa sani ba shi ma. Masu ƙarar da ke hannuna zan raba su ga wasu. In na mai da Daudu gida na mai da dokin mutane, Tsaskiya zan zo. Ki tambayar mani Malam ko zai yarda in zauna a zaurensa in riƙa juya shi ina ba shi ruwa, ke ki huta. Ba sai ya ce mani komai ba.

Yau da safe, kafin mu ɗaura sirdi, Daudu ya ce in karanta masa takardar, don ranar da aka rubuta ta hankalinsa ba ya jikinsa. Muka zauna a gindin wata bishiya a gefen zango, fatake suna ta ɗaure kaya, ba wanda ya kula da mu. Na karanta masa tun daga bisimilla har hatimi. Da na zo inda aka ce Turai ɗiya ce, haifaffiyar Runka, ya ce in maimaita. Na maimaita.

Ya murza yatsun ƙafarsa. Rabonsa da ita tun tana shekara tara. Sai ya ce, “Malam, kai da ka gan ta, ta yi tsawo? Uwarta doguwa ce.”

 Na yi ta lalube a raina, ban samu ba. Sau huɗu muna shiga zauren shari'a tare da ita, tana tsaye a gefena, kuma duk zaman nan fuskar alƙali nake kallo. Na ce masa ban sani ba, Baba. Ya gyaɗa kai, ya tashi ya je ya kwance dokin.

Ki gai da Malam, ki gai da Inna. Allah ya sa mu gana.

Naki,
Sammani